Shawarar tafiya da kyautar marubuci

Masu zuwa Kano daga Sakkwato, ku isa tasha tun da asuba. Motar farko ita ce ke cika da wuri, wanda ya makara sai ya zauna jiran fasinja cikin rana. Hanyar ta Talata Mafara da Gusau da Funtua ce, don haka a yi ƙoƙari a wuce kafin dare. A riƙe tsabar kuɗi, netuwok kan ɗauke a hanya, POS ya ƙi.

In kuma marubuci za ka kai wa tsaraba, kar ka tsaya kan kilishi kawai. Na taɓa sa wa littafin rubutu bangon jar fatar akuya wurin dukawa, na haɗa da biro mai kyau da fawa bank. Har yau bangon yana hannun abokina, takardun ciki kawai yake canzawa.