Darasi na 6: Yara da Wasa da Wuta

Yaro yana ganin uwarsa ta ƙyasta ashana, haske ya tashi, shi ma sai ya so gwadawa. Ɗan shekara 3 zuwa 6 bai san tsinke ɗaya yana iya cinye ɗaki ba. Haɗarin ya fi yawa da hunturu, lokacin da zana, jinka da kara suka bushe ƙayau, ga iska tana kaɗawa.

Ashana da laita ta kunna wuta, a ajiye su inda hannun yaro ba zai kai ba ko ya taka turmi. Akwati mai kwaɗo ya fi. Kada a aiki ƙaramin yaro ɗebo wuta a maƙwabta, domin garwashi na zubewa a hanya, kuma aiken yana nuna masa cewa wuta abin ɗauka ce. A ja layi a ƙasa, taku 3 daga murhu, a ce wa yara nan ne iyakarsu. Kananzir da fetur ba a ajiye su a ɗakin kwana. Tururin fetur kaɗai yana kamawa, ko da wutar tana nesa da jarkar. Kyandir, aci-bal-bal da maganin sauro na kunnawa, a nisanta su da katifa da gidan sauro, a kashe su kafin babba ya fita.

Uwa, idan kika ga ƙonannun tsinkayen ashana a ƙarƙashin gado, ko kika ji ƙauri a rigar yaro, ya fara wasa da wuta a ɓoye. A nan iyaye da yawa suke kuskure, su kama duka. Yaron da aka doka yakan koma yi a lungu, kuma ran da wuta ta kama masa, ba zai yi ihu ba, zai shige ƙarƙashin gado ne don tsoron bulala, hayaƙi ya tarar da shi a can. A zaunar da shi a yi magana: in ya tsinci ashana ya kawo wa babba, in ya ga wuta ya fita waje yana kururuwa, ba wanda zai taɓa shi.

Samari kuwa, nasu ya fi faruwa a daji. Sukan cinna wa ciyawa wuta don farautar gafiya, iska ta juya, wutar ta bi harawa da rumbuna. Ya kamata mai gida ya hana wannan, a kuma share ciyawa a kewayen rumbu kamar taku 10.

Idan wuta ta kama rigar yaro, kada ya gudu, gudu yana ƙara mata iska. A kwantar da shi, a mirgina shi, ko a lulluɓe shi da bargo. A riƙa zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar har minti 20. Ban da manja, man goge baki, ƙwai ko gishiri, suna riƙe zafi su jawo ƙwayoyin cuta. A rufe da tsaftataccen ƙyalle a tafi asibiti. Wutar mai ba a zuba mata ruwa, sai murfi ko yashi. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce, ta 'yan kwana-kwana a Nijar 18.

Aikin gida: ku zagaya gidanku yau, ku rubuta wurare 3 da yaro zai iya samun ashana ko garwashi.