Yadda Za a Magance Daskarewar Kyamarar Laftof Yayin Kiran Bidiyo

Kafin a ɗora wa kyamara laifi, ya kamata a fara tantance ko matsalar daga gare ta take ko daga intanet. A rufe manhajar kiran gaba ɗaya, a buɗe manhajar Camera da ke zuwa tare da Windows, sannan a motsa hannu a gaban allo. Idan hoton yana tafiya lami lafiya, kyamarar ƙalau take. Sai a duba ƙarfin sabis, a kashe zaɓin HD a Zoom, a kuma cire hoton bangon nan na ado, wanda ke cin ƙarfin kwamfuta fiye da yadda ake zato.

Idan kuwa a manhajar Camera ɗin ma hoton ya tsaya cak, a danna Ctrl da Shift da Esc tare don ganin jerin manhajojin da ke aiki, a rufe duk wata manhaja da ke riƙe da kyamarar a ɓoye, domin sau da yawa manhajoji biyu ba sa iya amfani da ita lokaci guda. Daga nan a shiga Device Manager, wato sashen Windows da ke nuna kayan aikin kwamfutar, a cire direban kyamarar, wato ƙaramar manhajar da ke sa ta yi aiki, a sake kunna kwamfutar, Windows za ta mayar da shi da kanta.

Zafi ma yana haddasa wannan, musamman idan an ɗora laftof a kan katifa har ta toshe kafofin iska.

Amma idan hoton yana daskarewa ne duk sanda aka taɓa murfin, to siririyar wayar da ta bi ta mahaɗin murfin ce ta yi sako-sako, kuma wannan aikin mai gyara ne.