Yadda nake hana ayyuka taruwa a salula

Ni tela ne a Tawa, kekuna uku gare ni da yara biyu masu koyo. Da a bayan littafin awo nake rubuta abin da zan yi, sai ƙanena da ke karatu a Yamai ya saka mini Todoist, manhajar tsara ayyuka da ranakunsu, a salula. Ba a yi wata biyu ba ayyukan da ranarsu ta wuce suka taru, ja wur, har na daina buɗe manhajar don kunya. Ga yadda na gyara.

Ayyukan da ke dawowa iri biyu ne, kada ka haɗa su. Akwai masu tsayayyar rana: kuɗin haya ran 5 ga wata, zubin adashi jaka biyar duk Lahadi in an tashi kasuwa. Ko ka makara, mai shago ba zai ɗaga maka ranar watan gobe ba. Waɗannan ka bar su su bi kalanda.

Akwai kuma waɗanda lissafinsu yake farawa daga ranar da ka yi su, kamar sa wa keke mai da kakkaɓe masa ƙura, ko canjin baƙin man moto. A ce duk mako biyu nake sa mai, sai na makara da kwana goma. In kalanda manhajar ke bi, bayan kwana huɗu za ta sake tashe ni, keke ko bushewa bai yi ba. A Todoist, wurin rana ka rubuta every! 2 weeks. Alamar motsin ran nan ita ke sa ya ƙirga daga ranar da ka gama. TickTick, wata manhaja irinsa, shi ma yana da wannan zaɓi cikin saitin maimaitawa. Mai Google Tasks kuwa gara ya cire maimaicin, in ya gama ya sa sabuwar rana da hannunsa. Da hunturu, saboda ƙurar Adar, nakan mai da na keke duk mako.

Ga wani rami da na faɗa. Na tsallake Lahadi biyu ban yi zubi ba, na kai jaka biyar, na danna an gama. Manhaja ta tsallaka zuwa Lahadi mai zuwa, bashin ɗayan makon ya ɓace daga allo. Uwar adashi ce ta aiko yaro: "Malam, Hajiya ta ce saura ɗaya." Yanzu duk abin da ya shafi kuɗi, in na tsallake, sai na buɗe masa aiki na daban da adadinsa kafin in danna.

Ɗinkin Sallah kada ka sa masa "duk shekara". Manhajar kalandar Bature take bi, Sallah kuwa tana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara. Ni da an ga watan Sha'aban nake sa ranar daina karɓar yadi.

Sauran jajayen fa? Akwai maɓallin da ke kwashe su gaba ɗaya ya kai gobe. Yana da daɗin dannawa, amma da safe su ne dai za su gaishe ka. Bayan sallar Isha'i nakan zauna minti biyar in bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙarami, irin kiran mai shadda ya zo ya karɓa, nan take nake yi. Babba in duba ranar da take da sarari da gaske, ko da Laraba ta sama ce. Wanda na ɗaga sau uku, ko dai ya yi girma ne in raba shi, ko kuma ba ni da niyyar yinsa in goge. "Gyaran shago" ya kwana arba'in yana ja. Da na mai da shi "kira kafinta ya auna kanta", washegari kafin azahar ya zo da ma'auninsa.