Darasi na Tara: Shirin Gajeriyar Tafiya da Mota Cikin Hamadar Amurka a Lokacin Hunturu

A darasin da ya gabata mun koyi karanta taswira. Yau za mu yi aiki da ita. Za mu shirya tafiyar kwana biyar da mota a kudu maso yammacin Amurka, tsakanin jihar Nebada da jihar Kalifoniya, mu ratsa wasu ƙananan garuruwan hamada da manyan gandayen daji na gwamnati. Ku kawo fensir da takarda kusa, domin akwai lissafi a gaba. Sunayen wuraren kuma za mu rubuta su yadda suke a allunan bakin hanya, saboda ido ya saba da su.

Me ya sa sai da sanyi?

Gandun farko da za mu shiga sunansa Death Valley, wato Kwarin Mutuwa. Wasu matafiya masu neman zinariya da suka maƙale a cikinsa a shekarar 1849 ne suka bar masa wannan suna. A wani wuri cikin kwarin da ake kira Furnace Creek an auna zafin digiri 56.7 a ma'aunin Selsiyos ranar 10 ga Yuli, 1913. Da bazara mai hankali ba ya yawo da ƙafa a can. Amma a watan Disamba da Janairu zafin rana ba ya wuce digiri 18 zuwa 20 a yawancin ranaku, da dare kuma ya sauko kusa da digiri 4. Shi ya sa masu yawon buɗe ido suke jiran hunturu.

To, ga inda mutane suke yin kuskure. Da sun ji an ce zafi ya tafi, sai su ɗauka an gama da matsala. Hunturu ya rage zafi, amma ya rage hasken rana. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe bakwai saura, ta faɗi wajen huɗu da rabi na yamma. Hasken da kuke da shi bai cika awa goma ba. A cikin kwarin ma inuwa tana riga agogo, domin duwatsun Panamint suna tsaye ta yamma, rana takan ɓuya bayansu tun kafin lokacin faɗuwarta. Duk shirin da za ku yi, a kan waɗannan awoyi goma za ku ɗora shi.

Ma'aunin can

Allunan hanya a Amurka da mil suke magana. Mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Daga birnin Las Vegas, inda za mu ɗauki motar haya, zuwa Furnace Creek ta garin Pahrump kusan mil 120 ne. Ku ninka 120 sau 1.6, za ku sami kilomita 192, tafiyar awa biyu da ɗoriya.

Mai da galan ake sayar da shi, galan ɗaya kuwa lita 3.8 ne. Zafi da sanyi kuma da Farenhait suke faɗa. Ga dabara mai sauƙi: ku cire 30, ku raba saura biyu. In rediyon mota ya ce 65, cire 30 saura 35, rabinsa 17 da rabi. Ba daidai wa daida ba ne, amma ya isa a san ko za a sa rigar sanyi. Lamba ɗaya ce tilas ku haddace, 32. A nan ruwa yake daskarewa, kuma a nan kwalta mai laima take zama santsi.

Zancen wa da ƙane

Mu ɗauka wani magidanci ne da ƙanensa suka baje taswira a kan tebur. Ƙanen ya ɗora yatsa a Las Vegas, ya ja shi zuwa Death Valley, ya gangara gandun Joshua Tree, ya tsallaka gabas har gandun Grand Canyon, ya hau arewa zuwa gandun Zion.

Ya ce, "Yaya, duba, duk kusa da juna suke. Kwana biyar ya ishe mu."

Wan ya kama yatsan ya mayar da shi baya. Ya ce, "Kai dai ka cika gaggawa. A takarda ne suke kusa. Wurin da ka tsallake da faɗin yatsa ɗaya, yini guda ne a kan sitiyari. In muka bi taka, ta gilashin mota za mu ga komai, rabinsa ma cikin duhu."

"To wanne za mu bari, Yaya?"

"Biyu za mu ɗauka. Sauran suna nan, ba inda za su."

Ni ma bayan wan nake. Gandu biyu, Death Valley da Joshua Tree, a kwana biyar ya wadatar, musamman da yake Death Valley shi ne gandun gwamnati mafi girma a Amurka in an cire na jihar Alaska, faɗinsa ya haura eka miliyan uku. Grand Canyon da Zion kuma suna kan tudu, dusar ƙanƙara tana iya samun mutum a can, wannan shiri ne na daban.

Yadda za a raba kwanakin

Ranar farko ku bar Las Vegas da hantsi, tanki cike, ku ƙara mai a Pahrump domin man cikin gandun ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kafin ku isa Furnace Creek akwai wani tudu a gefen hanya mai suna Zabriskie Point, inda ake hangen tsaunuka masu ruwan ƙasa da ruwan ɗorawa, a nannaɗe kamar an tattare zane. Daga Furnace Creek kuma kilomita 27 ne kudu zuwa Badwater, wuri mafi zurfi a duk Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da bakin teku. Fili ne fari fat na gishiri, yana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi. In kun juya baya kuka ɗaga kai, can sama a jikin dutse akwai ɗan allo da ke nuna inda ruwan teku zai tsaya da a ce ya shigo. In kuka dubi yamma kuma, ga ƙololuwar dutsen Telescope da ta haura mita 3,300, sau da yawa da farar ƙanƙara a kanta. Kuna cikin riga ɗaya kuna kallon ƙanƙara.

Rana ta biyu a cikin kwarin za ta ƙare. Ku yi sammako zuwa tuddan rairayi na Mesquite kusa da Stovepipe Wells, lokacin da sawun ƙwari da ɓeraye na dare yake kwance bisa yashi, iska ba ta share shi ba. Da rana ku leƙa kangon masana'antar Harmony, inda daga 1883 zuwa 1889 ake loda wani farin ma'adini mai suna boraks a manyan kekuna, alfadarai da dawakai ashirin su ja su mil 165 zuwa tashar jirgin ƙasa ta Mojave. Ku kuma tuna ba kufai kuka shigo ba: mutanen ƙabilar Timbisha Shoshone suna zaune a kwarin tun kafin zuwan masu neman zinariya, har yau suna da ƙauyensu a Furnace Creek.

Rana ta uku ita ce mai wuya, ita ce kuma ta fi bukatar fensir. Za ku tashi daga Furnace Creek, ku bi ta ƙauyen Shoshone, ku sauka garin Baker, inda aka kafa wani dogon ma'aunin zafi mai ƙafa 134 don tunawa da zafin 1913, wanda a Farenhait digiri 134 ne. Daga Baker hanya ta shiga gandun Mojave, ta wuce tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kelso, ta ɓulla Amboy a kan tsohuwar hanya mai lamba 66, sannan Twentynine Palms. Jimla kusan kilomita 380. Tuƙi zalla awa biyar. Ƙara awa biyu na tsayawa, cin abinci da ɗaukar hoto, ya zama bakwai. In kuna so ku isa ƙarfe huɗu, da sauran haske, ƙarfe nawa za ku tashi? Ƙarfe tara na safe, kuma wannan shi ne mafi latti. Tuƙin dare a waɗannan hanyoyi ba abin so ba ne: babu fitilun titi, dabbobi suna tsallakawa, a yankin Death Valley har jakunan jeji sukan tsaya tsakiyar kwalta.

Rana ta huɗu ta gandun Joshua Tree ce, wanda aka ɗaga darajarsa zuwa cikakken gandun ƙasa a 1994, shekara ɗaya da Death Valley. Sunan wata bishiya ya ci, mai rassa a murɗe da ganye kamar wuƙaƙe. Nan tudu ne, don haka ya fi kwarin sanyi, ruwa yakan daskare da dare, wani sa'in har ƙanƙara ta zuba. Akwai wani fili cike da wata ƙaya mai suna cholla, a ido kamar auduga, amma da ka goge ta sai gaɓa guda ta ɓalle ta maƙale a fata. Kada a cire da hannu, da matajin kai ake ɓamɓare ta. Rana ta biyar a koma Las Vegas, tafiyar awa uku da wani abu.

Mai, ruwa da masauki

A cikin gandun Mojave babu gidan mai. A cikin Joshua Tree ma babu gidan mai, babu kantin abinci, babu otal. Daga Baker zuwa Twentynine Palms kusan kilomita 200 ne, kuma kada ku sa rai da samun mai a tsakani. A ce motarku tana shan lita 8 a kowace kilomita 100, wannan zangon zai ci lita 16. Ba yawa, amma ɓatan hanya ɗaya ko titin da aka rufe zai iya ninka shi. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, da allura ta taɓa rabi, gidan man da aka fara gani a tsaya.

Hukumar gandayen tana ba da shawarar galan ɗaya na ruwa ga kowane mutum a kowace rana, wato kusan lita huɗu. Da sanyi ƙishi ba ya damun mutum, amma busasshiyar iska tana zuƙe ruwan jiki a ɓoye, sai dai a ji leɓe ya tsage, kai yana sarawa. Ku sha ko ba ku ji ƙishi ba.

Masauki kuwa a kama shi tun da wuri. Ɗakunan kwana a cikin kwarin kaɗan ne, tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara kuma cika suke yi. Joshua Tree kaɗai ya karɓi baƙi fiye da miliyan uku a 2023. A shekarun nan kuɗin shiga kowane gandu daga cikin biyun dala 30 ne ga mota ɗaya na kwana bakwai, sai dai a duba shafin hukumar a intanet kafin a tashi, domin farashi yana sauyawa. A can ne kuma ake sanar da hanyoyin da aka rufe. Ruwan sama kaɗan ne a kwarin, kimanin milimita 50 a shekara, amma ƙasar ba ta shanye shi. A watan Agustan 2023 ruwan yini ɗaya ya kai na shekara guda, ya cinye tituna, aka rufe gandun kusan wata biyu. In kun tarar da ruwa yana gudu a kan hanya, ku juya. Zurfin santimita 30 ya isa ya ɗaga ƙaramar mota.

Kafin ku bar wurin hayar mota, ku buɗe but da hannunku ku ga safaya da jak, domin wasu sababbin motoci ba sa zuwa da safaya sam. Ku karanta takardar yarjejeniya, yawancin kamfanoni sun hana hawa hanyar da ba kwalta. Ku sa bargo, tocila, cajar waya ta mota da taswirar takarda, saboda sabis ɗin waya yana ɗaukewa da nisa kaɗan daga gari. Ku bar wa wani ɗan'uwa sunan hanyar da za ku bi da lokacin da za ku kira shi. In mota ta lalace, ku zauna tare da ita: masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum mai tafiya a ƙasa. Lambar neman agaji 911 ce.

Aikin gida

1. Allo ya nuna saura mil 56 a isa Baker. Kilomita nawa ke nan?
2. Mutum uku za su yi kwana biyar. Lita nawa na ruwa za su tanada?
3. An ce daren yau sanyi zai kai digiri 40 a Farenhait. Ku yi amfani da dabarar da muka koya ku mayar da shi Selsiyos.
4. Tuƙi awa uku ne, tsayawa awa biyu da rabi, kuma kuna so ku isa ƙarfe huɗu na yamma. Ku rubuta lokacin tashi da kalmomi, sannan da lambobi.