Yadda Bazazzage Zai Ziyarci Gadar Jebba Ta Kan Ruwa

Layin dogon da ya ratsa Zariya shi ne ya tsallaka kogin Kwara a Jebba, saboda haka gyaɗar da aka riƙa lodawa a jirgin ƙasa daga ƙasar Zazzau zuwa Ikko ta nan take tsallaka kogin. Layin ya iso Jebba a shekarar 1909, amma sai a 1916 aka kammala gadar, kafin nan kuwa a kan jirgin ruwa ake ɗora taragai a haye da su. Gadar kashi biyu ce, domin akwai tsibiri a tsakiyar kogin, kuma ba a ganin girman aikinta sosai sai daga ƙasa, cikin kwale-kwale.

A fara da zaɓen lokaci. Rani ya fi dacewa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, domin a ƙarshen damina kogin yakan cika ya tumbatsa, madatsar ruwan Jebba da ke sama da garin kuma takan saki ruwa, igiyarsa ta ƙara ƙarfi. Daga Zariya ana bin Kaduna zuwa Mokwa, sannan Jebba. A tambayi direbobin tasha hanyar da ta fi aminci a wannan makon, a kuma yi sammako don kada dare ya riski matafiyi a daji.

In an isa, kada a faɗa jirgin farko da aka gani. A nemi sarkin ruwa ko shugaban matuƙa a gaishe shi, a faɗa masa abin da ya kawo mutum, shi zai haɗa baƙo da matuƙin da ya san wurin duwatsu. A daidaita kuɗi tun a tudu. Daga nan a leƙa cikin jirgin: idan ruwa ya kwanta a ƙasansa har yaron jirgi yana ta kwarfewa da roba, ko kuma lodi ya sa bakinsa ya kusa taɓa ruwa, a haƙura a jira wani. Rigar kariya dole ce, ko da mutum ya iya iyo, domin iyon rafin Kubanni na Zariya daban ne da na Kwara. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, kuma haɗarin jirgin ruwan da ya ci mutane fiye da 100 a yankin Patigi a watan Yuni na 2023 cikin duhu ya auku.

A roƙi matuƙi ya bi kusa da ginshiƙan gadar a hankali, sannan ya nufi inda ake hangen dutsen Juju, wanda a kusa da shi wani jirgin ruwan Turawa mai suna Dayspring ya farfashe a 1857. A zauna wuri ɗaya, kada a miƙe don ɗaukar hoto, kuma kafin a ɗauki hoton gadar kanta a nemi izinin jami'an tsaron da ke wurin.