Yadda za ka gwada ƙaramar mota mai zafi kafin ka zuba kuɗinka

Duk wanda ya taɓa shiga wajen dilolin mota da niyyar sayen 'yar ƙaramar mota mai gudu ya san yadda abin yake, ana buɗe maka ƙofa ƙamshin turaren da aka fesa ya buge ka, dila na gefe yana cewa "Alhaji ai wannan wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, kasuwa kawai take zuwa da ita", kafin ka ankara zuciya ta riga ta saya tun ba a tada inji ba. To ni dai shawarata kar ka gwada guda ɗaya. Ka ware uku, ka tuƙa su rana ɗaya a kan hanya ɗaya, in ba haka ba santi kawai kake, ba kwatantawa ba.

Ka je da sassafe kuma kar ka faɗi lokacin zuwanka. Kana isa ɗora hannu a kan bonet, in ka ji ɗumi to an riga an tada ta, kuma inji mai ciwo da safe yake tona kansa. Murɗa makulli kar ka tada tukuna, duk fitilun dashbod su kama har da ta cek injin, in ita ba ta kama ba akwai yiwuwar an kashe ta ne da gangan. Sannan ka tada, kai ka kasa kunne, bakanikenka ya tsaya wajen salansa. Hayaƙi shuɗi-shuɗi inji na shan baƙin mai, fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa kuwa ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. A jona na'urar sikanin da ke karanto matsalolin mota a ƙasan sitiyari, minti biyar ne.

Yanzu su motocin. Honda Civic Si ta 2006 zuwa 2011 injinta 2.0 ne, ƙarfin doki 197, kuma da giyar hannu mai shida kaɗai aka yi ta, saboda haka in an nuna maka otomatik an ce Si ce to tambari aka liƙa mata. Halinta daban ne wallahi, a ƙasa-ƙasa za ka ji ta salihar mota kamar ba komai, sai allurar juyin inji ta doshi 6,000 sannan ta farka ta canza murya har zuwa 8,000. Wanda bai san haka ba zai zagaya layi ɗaya ya dawo ya ce ba ta da ƙarfi. Abin da za ka sa wa ido shi ne giya ta uku, an san su da matsalarta, ka shiga daga ta biyu zuwa ta uku da ɗan sauri sau uku ko huɗu, in ka ji ƙurrr ko ta tofo giyar waje to ka san akwai aikin giyabos a gabanka.

Golf GTI, wadda muke cewa Golf 5 da Golf 6, ita ma 2.0 ce da doki wajen 200 amma da turbo, ita tun daga ƙasa take tura ka cikin kujera, shi ya sa a gwajin minti goma kusan kullum ita ke sace zuciya. Kar ka ɗauka irin Golf 3 ce ta 'yan haya da kowane gareji ya haddace. Mai giyar DSG, wato irin otomatik ɗinta, tana son canjin man giya duk kilomita 60,000, ka tambaya ko an taɓa yi, in aka fara kame-kame ka gane. Gwajinta a gosulo yake, ka saki burki a hankali ta fara rarrafe, in tana fizga ko kakkarwa ba lafiya ba. A Golf 6 kuma ka saurari ƙarar sarƙar taimin a daƙiƙun farko na tashin safe.

Mazda3 mai 2.5 ta 2010 zuwa 2013 doki 167 ne, ba ta kai su gudu ba, amma sitiyarinta akwai daɗi a kwana kuma ba ta da fitina. Sai Corolla S da samari ke kira Sport, mota ce mai amana amma injin 1.8 ɗin nan ne dai na sauran Corolla, fiffike da siket aka ƙara mata, kar a caje ka kuɗin gudun da babu.

Hanyar gwajin ta haɗa uku, cunkoso, layi mai ramuka da bamp, sai buɗaɗɗiyar kwalta. Kashe rediyo, ko dila ya ƙara sauti ka ce "Oga bari mu ji motar". Kunna esi ka bar shi har ƙarshe kana kallon allurar zafi. A bamp ka saurari ƙwanƙwasar shokozoba, ka kuma ji ko cikinta na gogar ƙasa, don motocin nan gajeru ne kuma tayoyinsu sirara a kan rim 17 ko 18, rami ɗaya mai kyau sai ya lanƙwasa rim. In unguwarku damina na cinye hanya, wannan kaɗai ya isa ya canza maka zaɓi. A kwalta, inda babu kowa a bayanka, taka burki da ƙarfi, sitiyari kar ya girgiza kar kuma ta ja gefe. Mai giyar hannu ka sa ta a ta biyar kana tafiya a hankali ka danne totur, in inji ya yi ihu gudu bai ƙaru ba kuloci ya ƙare.

Kana dawowa ka bar ta a kunne ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Jawo bel ɗin kujera har ƙarshe, ɗaga kafet, duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai, laka ko tsatsa a nan alamar motar ambaliya ce. Wadda ta fito daga Amurka mil take ƙirgawa, 100,000 ɗinta kilomita 160,000 ne. Lambar VIN, wato lambar shaidar mota mai harufa da lambobi 17, ta jikin gilashi ta dace da ta takardun kwastam.

Kafin ka shiga ta gaba ka rubuta abin da ka ji a waya, don zuwa ta uku duk sun cakuɗe maka. Da muka yi wa ƙanena wannan zagayen GTI yake ta zumuɗi, sai da bakanikenmu ya lissafo masa irin baƙin man da take sha da kuɗin famfon ruwanta da inda za a nemo mai gyaran DSG, ya yi shiru, ya ce a koma a sake tuƙa Mazdar a layin ramukan nan.