Kurakuran da mata suka fi yi wajen shan ƙwayar tazarar haihuwa

Ko a Kubwa ko a Nyanya, tambayar da ta fi yawa a ɗakin tazarar haihuwa ita ce: "Malama, ina shan ƙwaya, ya aka yi na samu ciki?" In aka bi diddigi, da wuya a tarar ƙwayar ce ta gaza. Lokacin shan ne ya karkace.

Ƙwayar haɗi irin Microgynon tana ɗauke da sinadarai biyu, isturojin da furojestin, su ne ke hana ƙwaƙwalwa ba jiki umarnin sakin ƙwai. Sai an sha kwana 7 a jere kafin ƙwan ya kwanta, sai fa in an fara cikin kwana 5 na farkon al'ada. Mai sha sai ranar girkinta, ko ranar da maigida ya dawo daga tafiya, ba ta kare kanta ba. Kullum ake sha, yana nan ko ba ya nan.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne jinkirin fara sabon kati, don mata ba su ɗauke shi kuskure ba. A kati mai ƙwaya 28, guda 21 ne masu magani, 7 na ƙarshe babu sinadarin a ciki. Cikin makon nan ƙwai ke fara farkawa. In kika ƙara masa kwana biyu, wai kina jiran jini ya ɗauke, ko kati ya ƙare ba ki leƙa kemis ba, ya samu damar nuna ya fito. Maniyyi kuwa yana iya kwana 5 a jiki yana jira. Ki ajiye kati na gaba tun wuri, ki fara shi washegarin ƙwayar ƙarshe, ko da jini na zuba.

In ɗaya kika manta, ki sha da zarar kin tuna, ko da biyu za su haɗu rana guda. In biyu ne ko fiye a jere, ki sha ɗaya nan take, ki ci gaba, a yi amfani da kwaroron roba kwana 7. In a mako na uku ne, ki ƙarasa masu maganin, ki tsallake ƙwayoyi 7 na ƙarshe marasa magani, ki buɗe sabon kati. In a makon farko ne kuma an sadu, ki je asibiti a duba batun ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa.

Masu shayarwa da ke shan Microlut, ƙwaya mai furojestin kaɗai, naku ya fi tsanani. Ba kullum take hana sakin ƙwai ba, majinar bakin mahaifa take kaurarawa don maniyyi ya kasa wucewa. Jinkirin da ya wuce awa 3 ya isa ya raunana ta, sai a kare da kwaroron roba kwana 2.

In kin yi amai cikin awa 2 da sha, ki sake shan wata. Maganin tarin fuka, rifampicin, da wasu magungunan farfaɗiya suna rage ƙarfinta, ki faɗa wa likita.

Wasu kan haɗa shan da sallar isha'i, to amma ranakun fashin salla sai a manta. Ki saita ƙararrawar waya. Kafin azumi kuma, ki tambayi ma'aikaciyar jinya yadda za ki mayar da lokacin zuwa bayan shan ruwa.